Gidansa ne, amma da kuɗina aka gyara: tambayoyi da amsoshi kan dukiyar kafin aure idan an rabu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin zawarawa, da mazan da suka yi saki, da iyaye da waliyyai, idan aure ya mutu alhali akwai gida ko fili ko shago ko gona da ɗaya ya shigo da shi aure, ɗayan kuma ya zuba kuɗi ko ƙarfinsa a ciki. Amsoshin sun fi shafar auren Musulunci a arewacin Najeriya, inda alƙalai ke hukunci da mazhabar Malikiyya. Auren rajista da zaman ƙasashen waje suna tambaya ta 14 da ta 15. Wanda maganarsa ta kai kotu ya nemi lauya ko malamin da zai duba takardunsa da idonsa.

1. Aure yana mayar da abin da mutum ya shigo da shi ya zama na mutum biyu?

A'a. A shari'ar Musulunci kowa da aljihunsa. Gidan da miji ya gina tun yana saurayi nasa ne, filin da mace ta gada a wurin mahaifinta nata ne, haka sadakinta da gwal ɗinta da albashinta. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira. Tsawon zama ko yawan 'ya'ya ba sa canja mai abu. Don haka wanda ya je kotun Musulunci yana neman rabin gida saboda kawai an yi shekara ashirin tare, zai dawo hannu rabbana.

2. To kuɗin da na zuba a gyaran gidan sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba. Ƙa'idar da ta bar wa miji gidansa ita ce ta bar miki kuɗinki. Abin da za a tambaya shi ne: ranar da kika miƙa kuɗin, da wane suna suka fita daga hannunki? Suna uku ne. Idan kyauta ce, ta zama tasa, sai dai abin da ke tambaya ta 4. Idan rance ne, bashi ne a wuyansa, saki ba ya goge shi, mutuwa ma ba ta goge shi. Idan kuma tarayya ce, wato kun yarda cewa kina da kaso a ginin, to kasonki yana nan, yana tashi da tashin darajar gidan.

Kusan duk rigimar da ake yi a gaban alƙali kan wannan batu, rigima ce a kan sunan. Ita tana cewa aro ne, shi yana cewa taimako ne. Abin takaici, sau da yawa dukansu gaskiyar abin da ke zuciyarsu suke faɗa, domin ranar da aka sayar da awarwaro aka sayo kwanon rufi babu wanda ya buɗe baki ya ce komai.

3. Yaya alƙali ke gane ko kyauta ce, ko rance, ko tarayya?

Yana farawa da lafazi. "Ara mini, in an yi albashi zan biya ki" rance ne. "Ga wannan ka ƙara, na ba ka" kyauta ce. "Shagunan waje naki ne, ki gina su" ya buɗe ƙofar tarayya ko mallaka. Idan babu lafazi, sai ya koma ga alamu: wa ke karɓar kuɗin hayar ɗakunan da aka ƙara, ko an taɓa biyan wani ɓangare na kuɗin, da sunan wa aka rubuta rasit, me aka faɗa a gaban dangi, kuma me al'adar garin ta saba ɗaukar irin wannan bayarwa.

Akwai wani hukunci na Malikiyya da ya kamata ma'aurata su sani. Idan ɗayansu ya amsa cewa kyauta ya yi, daga baya ya ce ai ya yi ne don a saka masa, ba a gaskata shi sai in ya gindaya sharaɗin tun farko ko akwai alama bayyananniya, domin an ɗauka cewa kyauta tsakanin miji da mata don soyayya ake yin ta. Haka kuma ikon janye kyauta bayan an karɓe ta, iyaye aka bai wa a kan 'ya'yansu, da sharuɗɗa. Miji ba ya da shi a kan matarsa, ita ma ba ta da shi a kansa. Wannan ya shafi maigidan da ya ba matarsa fili ta karɓa, ranar saki ya ce a dawo masa da takarda.

4. Na ba shi kuɗin ne don zamanmu ya ɗore, bai jima ba ya sake ni. Ina da magana?

Kina da ita. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa matar da ta ba mijinta dukiya don zaman aure ya ɗore, sai ya sake ta nan kusa, tana da ikon karɓar abinta, saboda manufar bayarwar ba ta cika ba. Idan kuwa an daɗe ana zama bayan bayarwar har ana ganin buƙatarta ta biya, ba ta komawa. Abin da ke wuyanki shi ne ki tabbatar cewa a kan haka aka bayar, misali an yi kyautar ne a zaman sulhu bayan yaji, a gaban waɗanda suka mayar da ke ɗakinki. Duba tambaya ta 7 kan shaidu.

5. Na yi gini a filin da ba nawa ba, da saninsa. Yaya ake lissafi?

Fiƙihu ya bambanta mai gini da hujja da mai gini da ƙwace. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo wanda ya raya ƙasa da kyakkyawan zato sai ta tabbata ta wani ce. Matakin farko, mai ƙasa ya biya shi ƙimar ginin a tsaye. Idan ya ƙi, mai gini ya biya ƙimar filin a matsayin fili fetal ya riƙe. Idan shi ma ya ƙi, su zama abokan tarayya, kowa gwargwadon ƙimar abinsa. Wanda ya yi ƙwace kuwa, a ce ya rushe ya kwashe kayansa, ko mai fili ya biya shi ƙimar ɓaraguzai bayan an cire ladan mai rushewa, kuma abin da ba ya da daraja bayan rushewa, kamar fenti da shafe, ba a biyansa.

Mijin da ya yi gini a filin matarsa da izininta, ko matar da ta gina shago a jikin gidan mijinta, ba maƙwaci ba ne. Lamarinsu ya fi kama da wanda aka ara wa fili ya yi gini. Hukuncin wannan shi ne, idan za a fitar da shi kafin ya ci moriyar ginin tsawon lokacin da aka saba, sai an biya shi abin da ya kashe ko ƙimar ginin. Idan kuwa wa'adin aron ya cika, ƙimar rusasshen gini kawai yake da ita. Bambancin kuɗi tsakanin biyun babba ne ƙwarai, shi ya sa tsawon lokacin da mai gini ya yi yana cin haya ko yana zaune a ciki yake shiga lissafi.

Kimantawa kuma ba a barin ta a bakin masu rigima. Kotu takan tura magina da dillalan unguwa, a manyan gine-gine kuma a ɗauko ƙwararren mai kimanta gidaje ya rubuta rahoto. A nemi a kimanta fili daban, tsohon gini daban, ƙarin da aka yi daban.

6. Abin da na kashe za a ba ni, ko darajarsa ta yau?

A nan ne sunan da aka ambata a tambaya ta 2 yake nuna nauyinsa. Mu ƙaddara gida yana da darajar naira miliyan 6 a 2015, matar ta zuba miliyan 2 aka ɗora bene, ya koma miliyan 8. Yau an kimanta shi miliyan 40. Idan tarayya ce, kasonta ɗaya bisa huɗu ne, wato miliyan 10. Idan rance ne, asalin hukunci shi ne a mayar da adadin da aka karɓa, miliyan 2, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na 1988. Amma a 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Miliyan 2 ɗin da suka ɗora bene a lokacin, yau ba za su rufa shi ba.

A ganina mijin da ya miƙa wa tsohuwar matarsa adadin nan cif ya ce ya fita haƙƙi, alhali yana cin hayar benen, bai kyauta ba. Ƙofar sulhu a buɗe take, kuma ƙari a wurin biyan bashi, in ba sharaɗi aka yi tun farko ba, abu ne da Annabi (SAW) ya yaba. Idan kuma gwal ko dabba ko buhunan hatsi aka ara, ba kuɗinsu ba, to irinsu za a mayar, kuma wannan kan tsare mai bayarwa daga faɗuwar naira.

Tashin darajar fili saboda an yi titi ko gari ya iso wurin, na mai fili ne shi kaɗai, sai in tarayyar ta haɗa da filin.

7. Wace hujja kotu ke karɓa?

Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma kan mai musu. A sha'anin dukiya, Malikiyya ta karɓi shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, ko mata biyu tare da rantsuwarsa. Inda mata da yawa ke faɗuwa shi ne wajen zaɓen shaidu: ba a karɓar shaidar uwa ko uba don amfanin 'yarsu, haka shaidar ɗa don amfanin mahaifiyarsa. Kuma su ne galibi suka san zancen. Don haka a nemi maginin da ya karɓi kuɗi daga hannunki, mai shagon siminti, maƙerin gwal ɗin da ya sayi sarƙar, uwar adashen da ta san abin da aka yi da kwasar.

Takardar bayanin asusun banki, rasit, hoton gidan kafin gyara da bayansa, saƙon waya ko muryar WhatsApp inda ya amsa cewa ya karɓa, duk suna ƙarfafa magana. A tattara su tun kafin a bar gidan. Iƙirarin wanda ake ƙara ya fi kowace shaida, shi ya sa zaman sulhu na farko, tun zukata ba su bushe ba, yake da daraja. A rubuta abin da aka amsa a wurin, a sa hannu.

8. Ban sa kuɗi ba, amma ni na dafa wa leburori, na ɗebo ruwa, na riƙe gida da sana'ata har ya samu ya yi ginin. Ba ni da komai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi, kuma amsarta a kotunanmu ba ta da daɗi: aikin gida shi kaɗai ba ya ba da kaso a gini. Sai dai a raba abu biyu. Ciyar da iyali wajibin miji ne. Idan ke kika ɗauki cefane da kuɗin sana'arki yayin da shi yake da hali, ba kuma da niyyar sadaka ba, to kina iya bin sa abin da kika kashe, in kin tabbatar. Haka idan kin yi aiki a shagonsa ko gonarsa a kan za a ba ki lada ko kaso.

Kuma mazhabar ba ta rasa magana a kan gumin mace ba. A Maroko, wani malamin Malikiyya mai suna Ibn Ardun, a ƙarni na 16, ya ba da fatawa cewa matan karkara da ke aikin gona tare da mazajensu suna da kaso a abin da aka samu. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta bar kowa da dukiyarsa, amma ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya daban kan abin da za su tara, ta kuma ce in babu ita alƙali ya duba aikin da kowa ya yi. A Malesiya, dokar iyali ta Musulunci ta 1984 ta yankunan tarayya ta fito fili ta ce dukiyar kafin aure da ɗayan ya inganta sosai tana shiga cikin abin da kotu ke rabawa. Ina ganin lokaci ya yi da malamanmu da alƙalanmu za su zauna su duba wannan babi da gaske. Kafin nan, abin da ke hannu shi ne mut'a, kyautar sallama da aya ta 241 a Suratul Baƙara ta ambata. A Malikiyya mustahabbi ce, ba a tilasta ta, amma masu sulhu suna iya tsayawa a kanta.

9. Ni ne na gyara gidan matata muka zauna a ciki. Yanzu tana cewa in biya hayar shekarun da na yi. Haka ne?

Samar da muhalli wajibinka ne, amma a Malikiyya wanda ya tare da matarsa a gidanta ba a bin sa haya, sai in ta bayyana masa tun farko cewa da haya zai zauna. Game da gyaran da ka yi, a bambanta. Toshe yoyo, fenti, gyaran famfo da makamantansu hidimar wurin da kake zaune ne, da wuya a ba ka komai. Ƙarin ɗaki, katanga, rijiyar burtsatse ko bene kuwa suna bin tambaya ta 5.

10. Dabbobi da gona da jari fa?

Ɗan dabba yana bin mai uwar. Saniyar da amarya ta zo da ita, duk abin da ta haifa nata ne ko da miji ne ya yi kiwo, sai in an yi yarjejeniyar raba 'ya'ya. Shi kuma yana iya neman abin da ya kashe na dusa da magani in ba kyauta ya yi ba. Gona tana nan ga mai ita, amma itatuwan mangwaro ko rijiyar da ɗayan ya sa ana kimanta su kamar gini. Jarin da aka zuba a shago a kan raba riba tarayya ce, a ƙidaya kaya a fitar da kaso.

11. Ɗakin da na gyara a gidan gado yake, ba a raba ba. Kuma akwai abokiyar zama.

Gidan da ba a raba ba na dukan magada ne, mijinki kasonsa kawai yake da shi, don haka ba zai iya mallaka miki ɗaki a ciki shi kaɗai ba. Da'awarki ta fi ƙarfi idan kika bi shi da kuɗin a matsayin bashi. Abokiyar zama ba ta da hannu a abin da kika zuba, ke ma ba ki da hannu a nata. Kowace da lissafinta da miji.

12. Khul'i nake nema, ya ce sai na yafe kuɗin ginin. Ya halatta?

Mace tana iya fansar kanta da sadakinta, ko ƙasa da shi, ko sama da shi, don haka yafe bashin gini yana iya zama fansa idan da yardarki. Amma idan cutarwa ce ta sa kika nemi rabuwa, kamar duka ko hana abinci, kuma hakan ya tabbata, saki ya auku kuma a dawo miki da abin da kika bayar. Kada ki sa hannu a takardar da ta ce kin yafe "duk wani haƙƙi" sai an karanta miki ita an ambaci abin da aka yafe ɗaya bayan ɗaya.

13. Wace kotu za a je, kuma sunan da ke kan takardar fili shi ne ƙarshen magana?

Aure da saki da kyauta da gado suna hannun kotunan shari'ar Musulunci, ko kotunan yanki a jihohin da ke da su, ɗaukaka ƙara kuma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulki na 1999 ya iyakance huruminta ga irin waɗannan batutuwa. Idan kuwa rigimar ta koma kan wa ya mallaki fili mai takardar gwamna, wato C of O, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Babbar Kotun Jiha hurumin. Shigar da ƙara inda ba hurumi yana cinye shekaru a banza, don haka a tambayi lauya tun farko. Marasa hali suna iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Hisba da masu unguwanni da dattawan dangi suna yin sulhu, amma ba sa yanke hukuncin mallaka.

Sunan da ke kan takarda hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ya goge bashi. Idan kuma sulhu ya ba ki wani ɓangare na gidan, kada a tsaya a takardar hannu. A je ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a nemi amincewar gwamnati a sauya suna. Zaman idda daban ne da wannan duka: wadda aka saka tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama idda, ko da ba ta da ko bulo ɗaya a gidan.

14. Auren rajista muka yi. Hukuncin ɗaya ne?

Ya bambanta. Auren rajista ko na coci mai lasisi Babbar Kotu ce ke raba shi a ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, kuma sashe na 72 ya ba alƙali ikon tsara dukiyar ɗayansu ko ta dukansu yadda ya ga adalci, don amfanin ma'auratan da 'ya'yansu. Dokar ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba. Duk da faɗin ikon, kotunan Najeriya sun saba neman hujjar gudummawa. A shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, matar ta ce ta taimaka wajen ginin gida, Kotun Ƙoli ta ƙi da'awarta domin ba ta fayyace irin gudummawar da yawanta ba. Ke nan shawarar tambaya ta 7 kan rasit da takardun banki tana aiki a nan ma.

15. Muna zaune a waje. Dokar can za ta taɓa gidan da na mallaka kafin aure?

Tana iya taɓawa. A Ingila kotu tana da ikon raba dukiya bisa dokar shari'o'in aure ta 1973, kuma gidan da iyali suka zauna a ciki yakan shiga rabo ko da ɗaya ne ya zo da shi. A Amurka kowace jiha da dokarta. Jihohi 9, ciki har da Kalifoniya da Tekzas, suna ɗaukar abin da aka samu cikin aure a matsayin na mutum biyu, kuma kuɗin cikin aure da aka zuba a gidan kafin aure yakan haifar da haƙƙin biya ko kaso. A Gana, sashe na 22 na kundin tsarin mulki na 1992 ya ce a raba dukiyar da aka tara tare cikin adalci idan aure ya mutu. Gidan da ke Kano ko Zinder kuwa, aiwatar da hukuncin waje a kansa sai an bi ta kotun ƙasar da yake.

16. Muna zaune lafiya, zan sa kuɗi a ginin maigidana. Me zan rubuta ba tare da ya ga kamar ban yarda da shi ba?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ba ta cire miji da mata ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma takardar tana kare shi kamar yadda take kare ki, musamman ranar da magada za su zauna. Shafi ɗaya ya isa: kwanan wata, adadin kuɗi, wane gida, sunan bayarwar a fili, kyauta ko rance ko tarayya. Idan tarayya ce a rubuta darajar gidan a ranar da kason kowa. Maza biyu adalai, waɗanda ba iyayenku ko 'ya'yanku ba, su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. A tura kuɗin ta banki a rubuta dalili.

17. An daɗe da rabuwa, ko kuma ya rasu. Lokaci ya wuce?

Bashi ba ya ruɓewa don an daɗe, amma shiru yana raunana da'awar mallaka. A Malikiyya, wanda ya ga wani bare yana riƙe da gida shekara 10 yana yin yadda ya so da shi, shi kuma yana gari, ya sani, babu abin da ya hana shi magana, ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Tsakanin dangi da surukai wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Duk da haka shaidu suna mutuwa, magini yana barin gari, don haka a yi magana da wuri ko da a gaban mai unguwa ne.

Idan ya rasu, ana fitar da bashi da kason abokin tarayya kafin a raba gado. Wadda ya rasu tana matarsa za ta fara karɓar abin da ta tabbatar nata ne, sannan ta shiga tumunin takaba, ɗaya bisa takwas idan yana da 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu, tare da abokan zamanta. Wadda aka saka ta gama idda ba ta da gado, sai in a ciwon ajalinsa ya sake ta, amma tana gabatar da da'awarta ga alƙalin da ke rabon kafin a sa wa gidan kuɗi, kuma a da'awa kan mamaci akan ƙara rantsar da mai da'awa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba.